Tallafin da sai ka gama gini za a ba ka, na wane ne?

Akwai wani hoto da ke yawan fitowa a biranen da ke raba tallafin gyaran shaguna. Magajin gari a tsakiya, masu ƙananan sana'o'i bakwai ko takwas a gefensa, kowa ya rungumi ƙaton kwali mai siffar cek, ana ta murmushi. A ƙarƙashin hoton sai a rubuta cewa an ba wance dala dubu 150 za ta gyara tsohon gini ta buɗe kanti a unguwarsu.

Wannan "an ba" ɗin ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. A yawancin irin waɗannan shirye-shirye, ranar da aka ɗauki hoton ko sisi bai shiga hannun matar ba. Wasiƙa aka ba ta, mai cewa idan ta nemo kuɗi ta yi aikin, ta sallami ɗan kwangila, ta kawo rasit, jami'ai suka zo suka duba suka gamsu, to za a mayar mata da wani kaso na abin da ta kashe. Shi ya sa za ka bi ta gaban ginin bayan shekara biyu ka tarar da ƙofar ƙarfen a garƙame, allon sanarwar ya koɗe a rana.

Ina goyon bayan birni ya sa kuɗinsa a gyaran titunan kasuwanci na unguwanni. Amma tsarin "yi aiki tukuna a mayar maka" yana tace mutane bisa nauyin aljihunsu, ya zubar da waɗanda aka buɗe shirin dominsu. Kamata ya yi kuɗin ya riƙa fita mataki-mataki yayin da ake aikin, a ware wani abu na binciken gini tun kafin a ɗaga guduma, a kuma ɗaure mai ginin da sharuɗɗan da za su hana shi cinye amfanin shi kaɗai.

Me ya kai kuɗin jama'a ginin wani?

Wannan ce tambayar farko da mai biyan haraji zai yi, kuma yana da gaskiyarsa. Amsar tana cikin lissafi.

A ɗauka akwai gini mai hawa biyu a titin da rabin shagunansa ke rufe. An saye shi dala dubu 100. Gyaransa, daga rufi zuwa wayarin da bututun ruwa, zai ci dubu 400. An tashi a dubu 500 ke nan. Sai banki ya turo mai kimanta daraja. Shi wannan mutum bai damu da abin da ka kashe ba. Abin da yake dubawa nawa aka sayar da makamantan ginin a kewayen, nawa kuma ake biyan haya a titin. Ya rubuta dubu 360. Idan banki na ba da rancen kashi 75 cikin 100 na wannan daraja, dubu 270 zai bayar. Mai ginin ta haɗa duk abin da ta tara, dubu 80. Saura dubu 150 da babu inda za su fito.

Siminti da rodi da kuɗin leburori kusan ɗaya suke a unguwar masu hali da ta marasa hali, tunda ɗan kwangila ba ya rage farashi don titin ya mutu. Darajar gini bayan an gama ce ta bambanta. A tsakiyar gari ka kashe 500 ka sami ginin 700. A nan ka kashe 500 ka sami na 360. Babu ɗan kasuwa mai hankali da zai yi haka da kuɗinsa, don haka ginin zai zauna kango, ruwa na shiga ta rufi, yana jawo darajar na maƙwabta ƙasa. Mai kimantawa na gaba kuma da wannan faɗuwar zai yi ma'auni.

Wannan giɓi ne aikin tallafi, shi kaɗai. Inda babu giɓi, wato aikin zai tsaya da ƙafarsa ko babu birni, ba da tallafi kyauta ce ga wanda bai buƙata, kuma ina tare da masu sukar hakan ɗari bisa ɗari.

Inda kuɗin ke fitowa

Ba duk tallafi ne ke fitowa daga aljihu ɗaya ba, kuma kowane aljihu da irin igiyar da ke ɗaure da shi.

A Amurka akwai kuɗin raya al'umma da gwamnatin tarayya ke ba birane tun 1974, wanda ake kira CDBG a taƙaice. Doka ta ce aƙalla kashi 70 cikin 100 ya amfani masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Akwai kuma tsarin TIF, da aka fara a Kalifoniya a 1952: a shata wani yanki, a daskarar da harajin gine-ginensa a matakin da yake, duk ƙarin da aka samu daga baya a tara shi a asusun yankin. A jihar Ilinoyis wa'adin irin wannan yanki shekara 23 ne. Aibinsa a fili yake. Unguwar da darajar gidajenta ba ta tashi ba ta tara komai, wadda ke bunƙasa ita ce asusunta ke cika.

Birnin Shikago ya yi wata dabara a 2016, zamanin magajin gari Rahm Emanuel. Masu gina dogayen benaye a tsakiyar gari, idan suna son wuce girman da doka ta yarje musu, sai su biya. Kashi 80 cikin 100 na abin da suka biya yana shiga wani asusu da ake kira NOF, wanda ke tallafa wa titunan kasuwanci a kudanci da yammacin birnin. An tsara ƙaramin tallafi ya tsaya a dala dubu 250, babba kuma ya kai miliyan 2.5 da amincewar majalisar birni. A Jamus kuwa, tun 1971 ake raba nauyin sabunta birane gida uku tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma.

Duk waɗannan dabaru ne na tara kuɗi, wasu ma masu kyau ƙwarai. Damuwata tana wajen fitarsa.

"To ta je banki mana"

Haka jami'ai ke cewa: wasiƙar alkawarin birni ai kamar kuɗi ce, ta kai banki a ba ta rancen wucin gadi.

Mu koma kan matar nan mai giɓin dubu 150. Ginin ta riga ta jinginar da shi ga bankin farko. Wasiƙar birni cike take da "idan", kuma banki ya san karanta "idan". Wanda zai yarda ya ba ta rance na biyu zai nemi ta sa gidan da take ciki, ko ta kawo mai tsaya mata. A ce ta samu, a kan ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara, da kuɗin buɗe fayil kashi 2. Aiki da jiran biya suka ɗauki wata 12. Ta biya dubu 15 na ruwa da dubu 3 na fayil, dubu 18 ke nan, kashi 12 cikin 100 na tallafin ya tafi wajen mai ba da rance. Yawancin shirye-shirye kuma ba sa lissafa kuɗin ruwa cikin abin da za su mayar.

Wanda ke da gine-gine goma bai san wannan wahala ba. Zai ciro kuɗin daga wani asusu, ya gama aiki cikin wata takwas, ya miƙa rasit, ya karɓi cek. Takarda ɗaya suka cika, ƙa'ida ɗaya aka gindaya musu, amma ɗaya ya ci riba, ɗaya tana nan tana zagayen ofisoshi har wa'adin wasiƙarta ya ƙare. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Akwai wani tarko kuma da ba a cika faɗa wa mutane da babbar murya ba. Duk aikin da aka fara kafin takardar amincewa ta fito, ba a biyansa. Idan kuɗin na CDBG ne, sai an gama binciken muhalli kafin a taɓa ginin. Ga rufi na yoyo, ga damina ko ƙanƙara na tafe, amma idan ta kira mai gyara yau ta yi asarar wannan kaso. Idan ta jira wata shida, katakon da ke ɗauke da rufin ya ruɓe, aikin dubu 30 ya koma na dubu 60. Ƙiyasin da ɗan kwangila ya ba ta ma yana da wa'adi, sau da yawa kwana 30 zuwa 90, bayan haka sabon farashi.

"Idan aka ba da kafin alƙalami, za a gudu da shi"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Jami'in da ya saki kuɗin jama'a aka wayi gari babu gini babu kuɗi, shi mai binciken kuɗi zai kama. Tsarin mayarwa yana kare shi. Sai dai tsakanin zuba wa mutum kuɗi a asusunsa da hana shi har sai ya gama akwai hanya ta uku, wadda bankunan da ke ba da rancen gini suka daɗe suna bi.

Ga yadda take. Ranar sa hannu, birni da banki da mai gini kowa ya zuba kasonsa a asusun amana da ke hannun wani na uku. Mai ginin ba ta da ikon cire ko kwabo. A raba aikin gida huɗu ko biyar: rushe abin da za a rushe da gyaran ginshiƙai, rufi da tagogi, wayarin da famfo da na'urar ɗumama ko sanyaya ɗaki, filasta da daɓe da fenti, sai kammalawa. Duk matakin da aka gama, ɗan kwangila ya kawo takardar neman biya, mai duba aiki ya je ya gani da idonsa ya ɗauki hoto, sannan a biya ɗan kwangilar kai tsaye. Kafin a biya na gaba, sai ya kawo shaidar cewa ya sallami ƙananan 'yan kwangila da masu kawo kaya, don kada gobe mai sayar da katako ya zo ya ɗora wa ginin bashi. A kowane biya a riƙe kashi 10 cikin 100, ba za a sake shi ba sai takardar izinin shiga gini ta fito.

A wannan tsari abin da birni zai iya asara a kowane lokaci bai wuce kuɗin mataki ɗaya ba, kuma kowace dala da ta fita tana nan a jikin gini ana kallonta. Idan mai ginin ta gaza, birni na da rajistar haƙƙinsa a kan takardar ginin. Wanda zai gudu, da me zai gudu? Da rufin?

Abin da tsarin ke buƙata shi ne ma'aikata. Mai duba aiki ya zo cikin kwana biyar, biya ya fita cikin kwana 15. Ƙaramin ɗan kwangila ba zai iya ɗaukar albashin ma'aikatansa wata biyu yana jira ba, zai kwashe su ya tafi wani aiki, dawo da shi kuma sai an yi da gaske. Birnin da ya ware miliyoyi na tallafi ya bar mutum uku suna duba fayil ɗari biyu, ya san abin da ya shuka.

Abin da ke ɓoye a cikin bango

A nan ne ayyuka da dama ke mutuwa, tun kafin a zo maganar biya.

Ana neman mai neman tallafi ya kawo ƙiyasin kuɗin aiki. Ƙiyasi na gaskiya ba ya samuwa sai da zanen gini, zanen kuma sai an biya mai zane da injiniya. Wanda ba shi da tabbacin zai ci tallafin ba zai kashe dubban daloli a kan zane ba. Sai ya kira wani ɗan kwangila ya zagaya ginin minti talatin da tocila, ya rubuta lamba a takarda. A kan wannan lamba birni zai yanke tallafi, kuma da wuya a ƙara daga baya.

Ranar da aka fasa bango sai gaskiya ta fito. Wayoyin wuta na shekara saba'in ne, dole a sauya su duka. Bututun da ke kai ƙazanta babban layi ya fashe a ƙarƙashin titi, haƙa shi kuma sai da izini na daban. Fentin yana da dalma, wadda Amurka ba ta hana amfani da ita a fentin gidaje ba sai 1978, ko kuma a tarar da asbestos, wani abin gini mai cutar da huhu, a daɓe da jikin bututu, wanda sai kamfani mai lasisi ne zai cire. Idan wurin ya taɓa zama gidan mai ko shagon wankin kaya da sinadari, ƙasar kanta na iya buƙatar magani.

Sauya wa gini aiki ma yana da tsadarsa. Shagon da ake sayar da takalma idan zai koma gidan abinci, dokar gini za ta ɗauke shi kamar sabo: bututun fitar da hayaƙi har saman rufi, na'urar kashe gobara a kan murhu, ramin tare maiƙo, ƙarin ƙarfin wutar lantarki, banɗaki da ƙofar da keken guragu zai shiga, kamar yadda dokar masu buƙata ta musamman ta 1990 ta tanada a Amurka. Idan kuma kuɗin tarayya irin na CDBG ya shiga aikin ginin da ya haura dala 2,000, dokar Davis-Bacon ta 1931 ta hau kai: a biya ma'aikata albashin da hukuma ta ƙayyade wa yankin, a riƙa miƙa takardar albashi duk mako. Ba na adawa da biyan lebura haƙƙinsa. Amma ƙiyasin da aka yi ba tare da wannan ba ƙarya ne tun daga tushe, kuma ɗan kwangila mai ma'aikata huɗu ba shi da akawun da zai riƙa cike waɗannan takardu.

Magani shi ne a raba tallafin zango biyu. Zangon farko ƙarami, birni ya biya mai zane da injiniya da mai gwajin muhalli kai tsaye. Wasu ayyukan za su mutu a nan, kuma gara su mutu a kan takarda da su mutu rufi a buɗe. Waɗanda suka tsallake su shiga zango na biyu da lamba ta gaskiya, da ajiyar ko-ta-kwana ta kashi 15 zuwa 20 cikin 100 idan tsohon gini ne. Birnin Ditroit ya kama wannan hanya a shirinsa na Motor City Match da ya fara a 2015, inda ban da tsabar kuɗi ake taimaka wa mutum da tsara kasuwanci, da nemo masa wuri, da zane. Wanda bai kai matakin gini ba, ba a tura shi gini.

Mai gini ya ci, ɗan haya ya tashi

Wasu na cewa duk wannan ƙoƙari a ƙarshe mai gini yake yi wa aiki. Sau da yawa haka ne. Mai gyaran gashi ta ci tallafi, ta sa sabon wayarin da sabuwar fuska a shagon da take haya, yarjejeniyarta saura shekara biyu. Wa'adi na cika mai gini ya ninka haya, tunda yanzu shagon ya yi kyau. Ta kwashe kujerunta ta fita, wayarin kuwa ba ya ciruwa.

Wannan ba dalilin soke tallafi ba ne, dalilin rubuta sharaɗi ne. Kada a sa kuɗi a shagon haya sai da yarjejeniyar aƙalla shekara biyar da damar sabuntawa, an rubuta iyakar ƙarin haya na kowace shekara, mai gini ya sa hannu. Idan mai ginin ne ya karɓi tallafin, a rubuta shi a matsayin bashin da ake yafewa kashi 20 cikin 100 duk shekara. Ya sayar bayan shekara biyu, ya dawo da kashi 60. Ya bar shagon a rufe fiye da wata shida ba tare da dalili ba, agogon yafewa ya tsaya. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa ya nuna abin da ya zo nema.

Masu cewa a daina kyauta a koma rance mai sauƙin ruwa, su sake duba lissafin farko. Hayar da titin ke iya biya ita ta sa darajar ginin ta tsaya a 360. Ƙarin bashi, ko ruwansa kaɗan ne, daga wannan hayar za a biya shi. Rance na da amfani wajen sayen kaya da injuna, abin da ke juyawa ya kawo kuɗi. Giɓin daraja ba ya juyawa.

Yayyafi

Kowane ɗan majalisar birni yana son a ce mazaɓarsa ta samu, don haka sai a yanka kuɗin ƙanana a watsa ko'ina. Ingila ta gwada irin wannan a 2012, bayan rahoton Mary Portas, ƙwararriya a harkar kantuna, kan mutuwar titunan kasuwa, inda aka zaɓi garuruwa 12 a zagayen farko, kowanne da abin da bai wuce fam dubu 100 ba. Wannan kuɗi na titi guda ne sukutum, alhali rufin manyan gine-gine biyu zai iya lashe shi.

Shago ɗaya mai sabon fenti a tsakiyar kangaye tara ba ya jawo masu tafiya a ƙasa, kuma ba ya sauya lambar da mai kimantawa zai rubuta. Biyar ko shida a mahaɗa ɗaya, tare da fitilun titi da gyaran hanyar ƙafa, su ne ke haifar da sabon farashin da banki zai kafa hujja da shi, har gini na bakwai ya sami rance ba tare da birni ba. Shikago ta bi wannan tunani a 2019 ƙarƙashin magajiyar gari Lori Lightfoot, da ta zaɓi unguwanni 10 kacal a shirin INVEST South/West. Zaɓen yana da zafi a siyasance, don dole a ce wa wasu su jira. Na fi yarda da birnin da zai fito ya faɗi jerin, wane titi bana, wane baɗi, da dalilin kowanne.

Sai maganar ƙidaya. Rahoton shekara yakan ce an amince da ayyuka kaza na miliyan kaza, a tsaya nan. Abin da ya kamata majalisar birni ta nema a rubuce, aiki bayan aiki, shi ne ranar da aka sanar, ranar da dalar farko ta fita, ranar da aka buɗe ƙofa, da ko shagon na nan a buɗe bayan shekara uku. A ƙara da layi ɗaya na waɗanda suka ci tallafin suka janye, da dalilin da kowannensu ya bayar da bakinsa, ko rancen wucin gadi ne ya gagara, ko ƙiyasi ne ya ninka bayan an fasa bango, ko mai gini ne ya ƙi sa hannu.